The Dark Knight Rises: shin kashi na uku ya kai na baya? Tambayoyi da amsoshi

Tun da fim ɗin nan ya fito a 2012 gardama a kansa ba ta mutu ba. Wasu na cewa Christopher Nolan ya rufe labarin Batman yadda ya kamata, wasu kuma na cewa gajiya ya yi, ya tattara kayansa a gurguje. Na tara tambayoyin da aka fi yi, na amsa su gwargwadon abin da na gani bayan na kalle shi sau da dama. Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu cewa zan fasa ƙwai, har da yadda labarin ya ƙare.

Wane fim ne wannan, kuma ina ya faɗo a jerin?

Shi ne auta cikin fina-finan Batman uku da Nolan ya ba da umarni. Batman Begins ya fito a 2005, The Dark Knight a 2008, wannan kuma aka sake shi a Amurka ranar 20 ga Yuli, 2012. A duka ukun Christian Bale ne Bruce Wayne, wato Batman, Michael Caine ne Alfred, hadimin gidan da ya raine shi, Gary Oldman kuma shi ne Gordon na 'yan sanda.

Labarin ya ɗora ne shekara 8 bayan na biyu. A can Batman ya ɗaukar wa kansa laifin kashe-kashen da Harvey Dent ya yi, don kada mutanen Gotham su san cewa lauyan da suka ɗora wa buri ya lalace kafin ya mutu. A kan wannan ƙarya aka kafa doka da sunan Dent, aka cika kurkuku da masu laifi, gari ya lafa. Shi kuwa Bruce ya kulle kansa a gida, gemu ya taru, yana dogara sanda. Cikin wannan hali ne wani ɗan ta'adda mai suna Bane ya shigo gari ta magudanun ruwa na ƙarƙashin ƙasa.

A taƙaice, ya kai The Dark Knight?

Bai kai ba. Na biyun ya fi shi tsari, ya fi shi kaifin zance, kuma ba ya barin mai kallo ya numfasa har ya samu damar neman kuskure. Na ukun ya ɗebo da yawa: tsawonsa ya kusa awa 2 da minti 45, sababbin mutane sun yi yawa, kuma akwai wuraren da ɗinkin labarin ya fito fili.

Sai dai ni ina ganin ma'aunin da ake ɗora shi a kai shi ne matsalar. The Dark Knight fim ne na Joker da Dent da birnin Gotham, Bruce Wayne kusan ɗan rakiya ne a cikinsa. Wanda ya kamata a jera da na ukun shi ne na farko, domin a can aka buɗe labarin yaron da ya faɗa rijiya, aka kashe masa iyaye a gabansa, ya girma da tsoro da fushi. Tambayar da Batman Begins ya bari ita ce ko wannan yaro zai taɓa warkewa. Na ukun ne ya amsa ta, kuma amsar ta ratsa ni fiye da duk wani abu da ke cikin na biyun.

Me ya sa ko sunan Joker ba a ambata ba?

Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin Joker, ya rasu ranar 22 ga Janairu, 2008, watanni kafin a saki The Dark Knight. Bayan rasuwarsa aka ba shi lambar yabo ta Oscar. Nolan ya ƙi ɗauko wani ya maye gurbinsa, ya kuma ƙi ƙirƙiro wani bayani kan inda Joker ya shiga, saboda girmama mamacin. Giɓin yana nan, duk mai kallo yana jin sa, amma da a ce an sa wani ya shafa hoda yana kwaikwayon Ledger, da abin ya fi muni.

To Bane ya isa bos kuwa?

A kashi uku cikin huɗu na fim ɗin, ƙwarai da gaske.

Nolan ya yi dabara da bai sake neman mai wasa da hankali irin Joker ba. Ya kawo ƙato, wanda Batman ba zai iya bugewa da hannu ba. Aikin da aka ba Tom Hardy mai wuya ne, domin takunkumi ya rufe masa baki da hanci, ba shi da abin wasa sai ido da kafaɗa da tafiya. Dubi yadda yake tsayawa ya riƙe wuyan rigarsa da hannu biyu, ko lokacin da ya ɗora bayan hannunsa a hankali a kafaɗar Daggett, attajirin da ke zaton shi ne ubangidansa. Bai ɗaga murya ba, amma nan take ka san Daggett ya gama yawo.

Faɗansu na farko da Batman shi ne fitowar da na fi komawa gare ta. Selina Kyle, ɓarauniyar da aka fi sani da Catwoman, ta ja Batman cikin rami, ƙofar ƙarfe ta rufo a bayansa. Hans Zimmer, wanda kiɗansa ke cika kunne a ko'ina cikin fim ɗin, ya yi shiru a nan. Ba ka jin komai sai zubar ruwa da ƙarar naushi da nishin Batman. Ya kai duka, Bane ya shanye kamar ba shi ake bugu ba. Ya jefa hayaƙi, a banza. Ya kashe fitilu don ya fake a duhu, Bane ya sa hannu ya cafko shi. Daga ƙarshe ya farfasa masa abin rufe fuska, ya ɗaga shi sama, ya karya masa baya a kan gwiwarsa. An ɗauko wannan daga littafin zane na Knightfall na 1993, kuma ban taɓa ganin an wulaƙanta jarumi haka a fim irin wannan ba.

Muryarsa kuwa ta raba kan jama'a. Da aka nuna farkon fim ɗin a sinimomin IMAX a Disambar 2011, mutane suka koka cewa ba sa gane abin da yake faɗa, kuma a wanda aka saki daga baya muryar ta fi fitowa sarai. Hakan ya jawo wata matsalar: wani lokaci sai ka ji kamar muryar daga lasifika take zuwa, ba daga mutumin da ke tsaye a cikin jirgin saman da aka buɗe fim da shi ba.

Me ya sa Batman bai fiye fitowa ba a fim ɗin Batman?

Gaskiya ne. An daɗe ana tafiya kafin ya sa kayan, kuma bai jima da sa su ba aka karya shi. Wanda ya zo kallon duka da tsalle-tsalle zai ƙosa.

Amma duba abin da ake yi a wannan tsakanin. Alfred ya gane abin da ba wanda ya gane: Bruce ba don ya ceci gari yake son komawa fagen ba, mutuwa yake nema. Shi ya sa a kan matakalar gida ya faɗa masa gaskiyar da ya ɓoye shekara 8, cewa Rachel, wadda Bruce yake so kuma ta mutu a fim na biyu, ta bar wasiƙa tana cewa Dent ta zaɓa, shi kuma ya ƙone wasiƙar don kada ta karya masa zuciya. Michael Caine ya faɗi wannan murya na rawa, ya san daga ranar ya rasa yaron da ya riƙa tun yana cikin zanen goyo. Washegari aka buga ƙararrawar ƙofa, Bruce ya kira Alfred, ba amsa.

Sai kurkukun rami. Bane ya jefa shi can, ya kafa masa talabijin don ya riƙa kallon yadda ake rusa garinsa. Kurkukun ba shi da rufi, kana ganin hasken rana a sama, kuma an bar wa kowa damar hawa. Akwai wani wuri a jikin bangon da dole sai ka yi tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Sau biyu Bruce yana hawa da igiya a ƙugu, sau biyu yana faɗowa, igiyar ta fizge shi ya bugi bango. Sai wani tsohon likita makaho da ke tsare a can ya ce masa rashin tsoron mutuwa da yake taƙama da shi, shi ne rauninsa. Ya hau kamar yadda yaron da ya taɓa tsira ya hau, ba igiya.

Ya ƙulle ɗan guzurinsa, ya kama bango. Fursunoni a ƙasa suna rera waƙarsu da ke nufin "tashi", sautin na ƙara ƙarfi. Da ya isa wurin tsallen, jemagu suka fashe daga wani rami a bangon suka bi ta kansa, irin waɗanda suka firgita shi a rijiya yana yaro. Ya rufe ido, ya buɗe, ya yi tsalle. Da ya fita, kafin ya kama hanya, ya tura wa na ƙasa igiya.

A fim na farko mahaifinsa ne ya sauko da igiya ya fito da shi daga rijiya, kuma horon da ya samu duk na kashe tsoro ne. A nan shi ya fitar da kansa, kuma abin da ya fitar da shi shi ne ya koma son rayuwarsa. Da wannan fitowa kaɗai fim ɗin ya biya ni.

Ina ne fim ɗin ya yi rauni?

Wurare da dama, kuma ba na son a kare su da ƙarfin tsiya. An tura kusan duk 'yan sandan Gotham cikin magudanun ƙasa a rana ɗaya, abin da ko ƙaramin kurtu ba zai ba da shawararsa ba. Sun shafe watanni a binne, suka fito da kaki tsaf da ƙarfin gudu, suka tunkari masu manyan bindigogi a kan titi gaba da gaba. Gadon bayan Bruce da aka karya, an gyara shi da naushi ɗaya da rataya a igiya. Bruce ya fito daga rami a wata ƙasa mai nisa, ba kuɗi ba fasfo, sai ga shi cikin garin da aka karya gadojinsa aka tsare hanyoyinsa. Wannan na ƙarshen bai dame ni sosai ba, tunda a fim na farko ya yi shekara 7 yana yawon duniya a ɓoye, amma minti ɗaya na bayani da ya wadatar.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne harin kasuwar hannun jari. 'Yan bindiga sun shiga da rana tsaka, duniya na kallo, sun yi ciniki da zanen yatsun Bruce, kuma washegari aka amince da cinikin, aka wayi gari attajirin gari ya tsiyace har an yanke masa wuta. Sannan sun shiga da hasken rana, an fara bin su kenan sai ga dare ya tsala.

Akwai kuma abin da ba a faye faɗa ba. Gari ya yi wata 5 a hannun Bane, amma kusan ba mu ga talakan Gotham ba. Yaya suke cin abinci, wa ya bi Bane, wa ya ƙi? A fim na biyu an nuna mana fasinjojin jiragen ruwa biyu suna gardama kan ko su tayar da bam ɗin da zai hallaka 'yan ɗaya jirgin. A nan tituna fayau suke, sai ƙanƙara.

Bayyanar Talia ta gyara labarin ko ta ɓata shi?

Ta yi duka biyun. Miranda Tate, wadda Marion Cotillard ta fito a matsayinta, ashe ita ce Talia 'yar Ra's al Ghul, malamin Bruce da ya mutu a fim na farko. Ita ce yarinyar da ta hau ramin, Bane kuwa mai kare ta ne, a kan haka aka lalata masa fuska. Wannan ya ɗaure kashi na uku da na farko, kuma hawayen da ya gangaro wa Bane lokacin da take ba da labarin ya mayar da shi mutum.

Illar ita ce an makara. Ta bayyana saura 'yan mintuna, ba ta samu lokacin zama abin tsoro ba, shi kuma Bane nan take ya koma yaron gida. Ba a jima ba Selina ta harbe shi da bindigar babur ɗin Batman, aka wuce kamar ba shi ne ya karya jarumi ba. Mutuwar Talia a cikin mota ma ba ta yi kyau ba, kuma laifin na wanda ya zaɓi wannan ɗaukar ne fiye da ita 'yar wasan.

Selina Kyle da John Blake fa?

Anne Hathaway ta ba da mamaki. A fitowarta ta farko tana cikin kayan 'yar aiki, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Da Bruce ya kama ta da sarƙar lu'ulu'un mahaifiyarsa, cikin ƙiftawar ido fuskar ta sauya, ta ture masa sanda da ƙafa, ta fice ta taga. Ita ce ke kawo ɗan sauƙi a fim mai nauyi. Blake, matashin ɗan sandan da Joseph Gordon-Levitt ya fito a matsayinsa, shi ma ya yi, sai dai yadda ya gane Bruce ne Batman, wai daga kallon murmushinsa a gidan marayu, ya yi arha da yawa.

Da gaske fim ɗin martani ne ga zanga-zangar Occupy Wall Street?

A'a. An fara ɗaukarsa a Mayun 2011, zanga-zangar kuwa, wadda aka yi a New York kan giɓin da ke tsakanin masu kuɗi da talakawa, a Satumba ta fara. Inda marubutan suka sha ruwa shi ne A Tale of Two Cities na Charles Dickens, labarin juyin juya halin Faransa. Daga can aka samo fasa kurkukun Blackgate, da jan masu kuɗi daga gidajensu, da kotun jeka-na-yi-ka inda Jonathan Crane, mugun likitan fim na farko, ke zaune a kan tulin tebura yana ba mutane zaɓi tsakanin kisa da kora, korar kuma tafiya ce a kan ƙanƙarar kogi da ke rufta wa da mutum. A bakin kabarin Bruce ma daga ƙarshen wannan littafi Gordon ya karanta.

Fim ɗin ya taɓo giɓin da ke tsakanin mai shi da mara shi, amma bai bi zancen ba, domin shi Bane bai yarda da juyin da yake wa'azi ba. Bam ɗin nukiliyar da yake yi wa garin barazana da shi zai tashi ko an bi shi ko ba a bi ba.

Abubuwan da aka gani, da gaske aka yi su ko aikin kwamfuta ne?

Da yawa da gaske ne. Satar jirgin sama da aka buɗe fim da ita a sararin samaniyar Sikotland aka ɗauka, da mutane rataye a igiya, kuma an saki gangar jirgi ta faɗo da gaske. Filin wasan da ya rufta shi ne na Pittsburgh wanda a lokacin ake kira Heinz Field, da dubban 'yan kallo na gaske da 'yan wasan Steelers, sai ramukan da kwamfuta ta ƙarasa. Wajen kurkukun a Jodhpur ta Indiya yake, ganuwar Mehrangarh ce ake hangowa idan Bruce ya fito. Gidan Wayne kuwa Wollaton Hall ne a Nottingham ta Ingila. Fiye da awa guda mai ɗaukar hoton fim ɗin, Wally Pfister, ya ɗauka da kyamarar IMAX. Wanda ya kalle shi a waya kawai bai ga rabin aikin ba.

Bruce ya mutu ne, ko mafarki Alfred ya yi?

A ƙarshen fim Batman ya ɗauki bam ɗin da jirginsa ya kai shi can kan teku ya fashe, aka ɗauka ya mutu, daga baya kuma Alfred ya hango shi zaune a wani wurin shan shayi. Bai mutu ba. Fim ɗin ya jera hujjoji: injiniyoyi sun gaya wa Lucius Fox, mai samar wa Batman kayan aiki, cewa an gyara na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta wata 6 da suka wuce, da sunan Bruce. Sarƙar lu'ulu'un ta ɓace daga kayan gado. Gordon ya tarar an gyara fitilar kiran Batman. Sannan da a ce mafarki ne, ba dalilin da zai sa Alfred ya ga Selina zaune kusa da shi.

Wasu na cewa da an yanke a fuskar Alfred ba tare da an nuna Bruce ba, da ya fi. Ban yarda ba. Tun farkon fim Alfred ya faɗi burinsa: kowace shekara yakan je wani wurin shan shayi a bakin kogi a Florence ta Italiya, yana fatan ya ɗaga kai ya ga Bruce da iyali, ba sai sun yi magana ba. Mun ga dattijon nan yana kuka a gaban kabarin iyayen yaron yana cewa ya ci amanarsu. Bayan wannan, hakkinsa ne ya gani, mu ma hakkinmu ne. Suka haɗa ido, kowa ya gyaɗa kai, Alfred ya biya kuɗinsa ya tashi.

Idan aka jera shi da sauran kashi na uku na fina-finan jarumai fa?

A nan yana sahun gaba. Spider-Man 3 na 2007 ya cusa abokan gaba uku a fim ɗaya, Sandman da Venom da Harry Osborn, ba wanda ya samu fili. X-Men: The Last Stand na 2006 ya sauya darakta, ya haɗa manyan labarai biyu ya ɓata su duka. Cutar ɗaya ce, ɗibar abin da ya fi ƙarfin baki, kuma Nolan ma bai tsira daga ita ba. Bambancin shi ne ya san inda za shi, ya kuma yarda labarin ya ƙare, a harkar da kamfani ba ya son a rufe ƙofar da ke kawo kuɗi. Wanda nake ganin ya fi shi iya bankwana shi ne Logan na 2017, domin ya rage kaya, ya tsaya a kan mutum uku.

Ya samu karɓuwa a kasuwa da wajen masu ba da lambobin yabo?

Ya tara sama da dala biliyan 1 a duniya, ya ɗan zarce na biyu. Amma The Dark Knight ya shiga takarar Oscar a rukuni 8 ya ci 2, wannan kuwa ko rukuni ɗaya bai shiga ba. Fitowarsa ta zo da baƙin ciki: a daren farko wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a wata sinima a Aurora ta jihar Colorado, ya kashe mutum 12, wasu 70 suka jikkata. Kwanaki kaɗan bayan haka Christian Bale ya je asibiti duba waɗanda suka ji rauni.

Zan iya kallonsa ba tare da na ga biyun farko ba?

Za ka bi labarin, amma za ka yi asara. Idan lokaci ya ƙure maka har sai ka zaɓi ɗaya, to Batman Begins za ka fara kalla. Ga dalili. Kafin Batman ya tashi da bam ɗin, Gordon ya roƙe shi ya faɗi ko shi wane ne, don mutane su san wanda ya cece su. Bai faɗi suna ba. Ya tuna masa da wani ɗan sanda da ya taɓa yafa wa wani yaro kwat a kafaɗa don ya kwantar masa da hankali. Wanda ya ga fim na farko ya san daren: ofishin 'yan sanda, yaro zaune shi kaɗai riƙe da kwat ɗin mahaifinsa da aka kashe ɗazu, wani ƙaramin jami'i mai gashin baki ya durƙusa a gabansa. Gordon ya tsaya yana kallon jirgin na tashi, sannan ya ambaci sunan a hankali.